Hoton Masu Ɗaukar Dutse a Telen Taubashina

Ban tashi da sanin fuskar mahaifiyata ba. Ta rasu ina ɗan shekara biyu, a ƙauyenmu da ke bayan Allakaye, kuma a zamanin ba a ɗaukar mutum hoto a wajenmu sai in zai yi katin ɗan ƙasa. Ita ba ta taɓa yin kati ba. Mahaifina ma ya bi ta tun ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Kakata, wadda ta haife ta, ita ta raine ni, ita ta riƙa kora ni lakwal da kara a hannu, kuma har gobe "mai gida" take kirana, tana gorin cewa Allah ya haɗa ta da miji marowaci. Muna faɗa, muna dariya, babu zancen da ba ma taɓawa in ban da guda ɗaya. Mahaifiyata ce ƴarta ta fari, a wajenmu kuwa mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi da yatsa, ba ta zancensa a gaban jama'a. Kunya ce, da ita aka tashe su. In magana ta matse ta, sai Kaka ta ce "waccan", ta kau da kai, ta tambaya ko an ba awaki ruwa.

Ina aiki a sarwis ɗin noma, wato ma'aikatar gona ta gwamnati, a Madawa. Bara bayan girbi aka tura ni aiki Keita, na sauka a gidan wani tsohon malamin gona da ya daɗe da ajiye aiki. Muna cin tuwo ya ji sunan ƙauyenmu, sai ya tsame hannu, ya shiga ɗaki ya jawo wata akwatin ƙarfe. Hotuna ne cike da ita, na shekarun da maza suka watse bida, wato cin rani, a ƙasashen gabar teku, mata suka rage suna ɗaukar duwatsu a ka, suna jera su layi-layi a kan tuddai don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa. Ya zaro ɗaya ya juya bayansa, ga sunan ƙauyenmu da biro. Mata goma sha huɗu ne a jere, kowace da dutsenta. Nan take na gane Kaka a ƙarshen layi, da tsayuwar nan tata ta mai shirin faɗa. Na kuma san tun ina yaro cewa mahaifiyata ta yi aikin nan tare da ita. Na ƙanƙame hoton, har tsohon ya karɓe shi kada in yaga masa.

Bai yarda ya ba ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma ya raka ni da kansa wani shago aka kwafe shi da na'ura, aka zuba mini a ordinater, wato kwamfutata ta hannu da nake yawon aiki da ita. Na dawo Madawa ina ji kamar in tsayar da kowa a hanya in nuna masa.

Sai dai wacece a cikinsu? Ranar kasuwa na tare dattawa biyu na ƙauyenmu na nuna musu. Ɗaya ya ɗora yatsa a kan ta uku ya rantse, ɗayan ya ɗora a kan ta tara ya rantse fiye da shi, suka kusa dambe a gaban mai goro. Duka biyun suna bida a shekarun, na gane zato kawai suke yi don su faranta mini. Matan da ke hoton kuwa, waɗanda ba su rasu ba ƴaƴansu sun kwashe su zuwa nesa, guda da ta rage a ƙauye ta makance. Kaka ce kaɗai ta rage. Ita ma yanar ido ta fara rufe mata gani, ta kuma rantse babu likitan da zai kusance ta da wuƙa. A allon ordinater kowace fuska ba ta fi ƙwayar wake ba, na san ba za ta ga komai ba. Kowane wata ganinta raguwa yake yi, in na yi sanya har damina, shi ke nan, zan mutu ina kallon mata goma sha uku ban san wadda ta haife ni ba.

A nan taubashina ya faɗo mini a rai, ɗan gwaggona, sa'ana, mai gidan kallon ƙwallo a ƙauye. Yana da tele mai faɗin ƙofar ɗaki, da pano da batir na hasken rana. Na kira shi.

"Kai, bawa," in ji shi, "telena kaka so? Wanda ko mai gari bai taɓa ara ba?"

Na ce masa bawa ba ya hana ubangijinsa kaya. Muka zagi juna son rai, sannan na gaya masa dalili. Nan take ya bar wasa, abin da ba halinsa ba.

"Taho ran Asabar. Na ba ka daga hantsi har la'asar. La'asar na yi akwai ƙwallo, in tele bai komo ba samarin garin ga su cinye ni ɗanye."

Ranar Alhamis na gwada a buro, wato ofishinmu. Na haɗa ordinater da babban allon ɗakin taro da kabul, nan da nan matan suka fito, kowace fuska kamar faifai. Na tsaya ni kaɗai ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina neman hancina, ina neman kunnuwana. A kowace sai in ga kama, in na sake dubawa kuma in rasa. Na kashe ina dariya ni kaɗai don murna.

Ranar Juma'a na yi abin da ya kusa kashe ni. Ordinater ɗin nan ta fi shekara ba ta shiga intanet ba, yawon ƙauyuka kawai take yi da ni. Sai na ce bari in haɗa ta da wifi na buro in aika wa wani rahoto kafin in tafi. Da na zo kashewa ta rubuto cewa tana mizajur, wato tana sabunta kanta, kada in kashe. Na zauna ina kallon lamba tana hawa, har ina jin daɗi, ina cewa ta ci ta ƙoshi kafin tafiya. Ta gama, ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Na rufe ta na jefa a jaka. Ban sake gwadawa ba, kuma don ɗoki na bar sharjer ɗinta a jikin bangon buro.

Asabar da sassafe na hau moto, wato babur ɗina. Daga Madawa zuwa Buza ban san na yi ba, daga can na bi hanyar duwatsu ina waƙa da ƙarfi, ni da ko a biki ba a jin muryata. Na tarar da Kaka tana tsince wake a faifai, da hannu take tsintar, ba da ido ba.

"Mai gida, mi kaz zo da shi wanga karo? Sabulu, ko surutu?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo da hoton aikin dutse, na shekarun nan, kuma tana ciki. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"To," in ji ta. Ba ta ƙara ba.

Mai hankali da ya ji wannan "to" ɗin ya nutsu. Ni kuwa na riga na fita da gudu. Muka naɗe tele a bargo, muka ɗora shi a amalanke tare da batir, taubashina yana riƙe da shi kamar jariri, yana yi wa jakin ihu ya bi a hankali. Duk wanda muka gamu da shi a hanya ya tambaya ina za a kai tele da hantsi haka, ni kuma bakina bai rufu ba. "Ku zo ku gani! Yau zan ga uwata!" Na faɗa wa masu dawowa daga rijiya, na faɗa wa maƙeri, na leƙa har majalisar dattawa na faɗa. Kafin mu kai gida rabin ƙauye na bayanmu.

A zaure muka kafa shi, don can ne da duhu-duhu. Aka shimfiɗa wa Kaka tabarma dab da allo, yadda in ta miƙa hannu za ta taɓa. Mata suka cika gefe ɗaya, maza gefe ɗaya, waɗanda ba su samu wuri ba suka toshe ƙofa. Na buɗe ordinater, na buɗe hoton, na ɗauki kabul na ɗaga shi sama kowa ya gani, na yi bisimilla na soka.

Tele ya yi shuɗi. Wasu ƴan kalmomin Faransanci suka fito suna yawo a kai, wai babu abin da ya iso masa.

Na zare na sake sokawa. Shuɗi. Na hura bakin kabul, na hura ramin, na juya kai da gindi. Shuɗi. Gumi ya fara bin bayana.

"Telenka ya tsufa," na ce wa taubashina.

"Telena? Telena lahiya lau shike! Akwatin taka ta ad da ciwo!"

Na ce shekaranjiya ta yi aiki a buro, a gaban idona. Ya ce to a koma buro da tsohuwa. Raina ya ɓaci, ni dama ba a daɗe ana taɓa ni ba na hau. Na ce kabul ɗinsa ne ɓera ya ci. Ya aika aka ɗauko dekoder ɗinsa na kallon ƙwallo, ya zare kabul daga ordinater ya soka a ciki, ya danna. Sunan dekoder ya fito tar a allo, da launi da komai. Kabul ɗaya, rami ɗaya. Ya juyo ya dube ni, ya yi ƴar rawa da kafaɗa, zaure ya kwashe da dariya.

Daga nan kowa ya zama gwani. Maƙeri ya ce a ɗan buga ta a gefe, haka yake yi wa rediyonsa. Wani dattijo ya ce zafin hanya ne, a yi mata fifita, har ya miƙo maficinsa. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Baƙunta ta ka yi, ku bar ta ta saba da mutane." Na kashe na kunna, na kashe na kunna. Kowane kunnawa batir ɗinta raguwa yake yi, sai a lokacin na laluba jaka na tuna inda sharjer yake. Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Kaka dai tana zaune, hannuwanta a kan gwiwa, tana kallon shuɗin allo.

Mutum ɗaya na sani da zai iya fitar da ni: sakatariyar buronmu, wadda duk muke kira Madam. Ta girme ni da kusan shekara ashirin, ta fara aiki tun ana buga takarda da keken rubutu, kuma duk na'urar da ta gagari mazan buro gabanta ake kai ta. Amma a ƙauyenmu babu rezo, waya ba ta shiga sai a kan tudun da ke bayan gari. Na bar kowa a zaure na zura da gudu.

Na kai sama ina haki. Waya ta shiga, ina jin hayaniyar mata a bayanta, ashe tana gidan suna. Na zuba mata bayani ba kai ba gindi.

"Tsaya, ƙanena, ja numfashi," in ji ta. "Ran Alhamis ta yi aiki. Yau ta ƙi. Mi ya canza tsakani?"

Na ce babu abin da ya canza, wallahi ko faɗuwa ba ta yi ba.

"Ba ta yi mizajur ba?"

Na yi shiru.

"Wala! Na ji shirun naka." Ta yi dariya har da tafi. Sannan ta yi mini bayani yadda zan gane. A cikin ordinater akwai wani ɗan shiri da ake kira pilot, shi ne tafintan da ke tsakaninta da kowane allo. Mizajur ta cire tsohon tafinta ta sa sabo, sabon kuwa bai jitu da tsohuwar ordinater irin tawa ba. Magani shi ne a kori sabon a dawo da na da, yana nan a ajiye a cikinta. Ta jero mini inda zan shiga da inda zan danna, abu bakwai ko takwas. Na ce na riƙe, na kashe waya, na gangara da gudu.

Kafin in kai zaure huɗu sun zube a hanya. Na zauna gaban ordinater, na buɗe nan, na buɗe can, na tsinci kaina a wurin gyaran agogo. Taubashina ya sunkuyo ya ce, "Bawa, kai da anka kai lakwal, ba ka san a ɗauki maras lahiya a kai shi wurin likita ba?" Gaskiyarsa ta ƙara ba ni haushi. Na rungumi ordinater na sake hawa tudu, azahar ta riga ta yi, rana tana dukan ƙeya.

A karo na biyu na zauna a kan wani layin duwatsu, a inuwar wata ƴar bagaruwa, na ɗora ordinater a cinya, waya a kunne. Madam ta fita daga cikin mata ta sami wuri shiru. Ta bi da ni a hankali kamar mai koya wa yaro tafiya. In danna dama a kan ɗan hoton da ke kusurwar ƙasa. In zaɓi wurin da aka jera duk kayan cikin na'ura. In nemo layin da ya shafi hoto da allo, in buɗe shi, in danna sau biyu a kan sunan da ke ƙarƙashinsa. In shiga shafin pilot.

"Kana ganin wani maɓalli da ya ce a koma ma na da?"

Na ce ina gani.

"Baƙi shike ko toka-toka? In toka-toka na, ba ya dannuwa, sai dai mu yi kuka tare."

Na matso da ido, hasken rana yana hana ni gani. Na kare allo da hulata. Baƙi ne! Na yi ihu har wani makiyayi da ke can gefe ya waiwayo. Na danna, ta tambaye ni dalilin da ya sa nake so in koma.

"Zaɓi ko wanne," in ji Madam, "ba alƙali ba ta."

Na zaɓa. Allo ya yi baƙi ƙirin. Na ce wa Madam ordinater ta mutu, ta mutu! Ta ce in rufe mata baki in ƙirga goma. Ban kai bakwai ba haske ya dawo. Ta ce in kashe ta in sake kunnawa, sannan ta ƙara mini abu ɗaya: in na haɗa, tele ya kawo wani hoto daban ba nawa ba, kada in firgita, in danna maɓallin da ke da hoton taga tare da harafin P, in zaɓi a nuna abu ɗaya a alluna biyu. Wannan karon na rubuta a tafin hannuna da biro.

Ina jiran ordinater ta tashi ne na dubi abin da nake zaune a kai. Duwatsu ne baƙaƙe, jere, sun nutse rabi a ƙasa, ciyawa ta kama gindinsu. Layi bayan layi har ƙarshen tudu, da itatuwa a tsakani. Tun ina yaro nake tsallake su in na biyo awaki, ban taɓa tsayawa na duba ba. A nan aka ɗauki hoton. Wataƙila wannan dutsen da ke ƙarƙashina mahaifiyata ce ta kawo shi. Na shafa shi, yana da zafi, sai na ji hawaye ya taho, ga murna kuma tana tuƙa ni. Ordinater ta tashi, batir saura kashi goma sha tara. Na rufe ta na gangara, ban san yadda ban karye ba.

Zaure ya ƙara cika, har da waɗanda suka dawo daga masallaci. Aka buɗe mini hanya. Na durƙusa, na soka kabul, ban ɗaga shi sama ba wannan karon. Shuɗin ya ɗauke. Tele ya yi baƙi, ya ƙifta sau biyu, sai ga wani makeken ruwa da duwatsu a bakinsa ya cika allo. Mata suka rangaɗa guɗa. Taubashina ya ɗaga ni sama ya dire.

"Wanga wane gulbi na?" in ji Kaka. "Mu ba mu yi aiki bakin ruwa ba."

Hoton bangon ordinater ne kawai, matan suna kan ƙaramin allo ba su ƙetara ba. Na buɗe tafin hannuna, gumi ya kusa wanke rubutun. Taga da P. Na zaɓa, na danna.

Suka fito. Su goma sha huɗu, daga wannan gefen tele zuwa wancan, da duwatsunsu, da zannuwansu, da tudunmu a bayansu tsirara ba itace ko ɗaya. Zaure ya yi tsit, sannan ya ɓarke. Na ga Kaka ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo, na ga idonta yana tafiya a kan layin, na san tana gani. Ai sai kaina ya kwance. Na ɗaga murya yadda har na ƙofa za su ji:

"Kaka! Wacce ce uwata? Nuna mini ita!"

Hayaniya ta mutu kamar an zuba wa wuta ruwa. Kaka ta ja baya, ta gyara mayafinta, ta juya fuska wajen bango. Taubashina ya take mini ƙafa, ya yi magana ƙasa-ƙasa: "Kai wane irin wawa na? Ɗiyar hwari ta. Gaban mutane kaka ce ta nuna ta?"

Sai a lokacin na tuna. Mako guda ina shirya tele, da kabul, da hanya, ban ba wannan ko minti ɗaya ba. Na tara mata gari guda, da surukai, da ƴaƴan ƙawayenta, na ce ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa. Kuma ba ni da bakin korar kowa, ni na kira su, ga shi iyayensu ne a allon. Haushi ya kama ni, na al'ada, na Kaka, amma mafi yawa na kaina. Na dubi batir, saura goma sha ɗaya. Inuwa ta fara miƙewa a ƙofar zaure. Na zauna dirshan.

Kaka ce ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Mai gida, surutunka ya yi yawa. Matso min da su ɗai-ɗai, in gaida mutanena. Hwaro daga can."

Na ƙara girman hoton har fuska ɗaya ta cika allo, na fara daga hagu. Kaka ta dube ta, ta yi tsaki, ta kira sunanta, ta ce wannan ba ta taɓa ɗaukar dutsen da ya fi tulu nauyi ba sai ran da mai hoto ya zo. Aka yi dariya. Na matsa. Ta biyu ta kira sunanta, ta ce ita ke ba da waƙa in rana ta yi zafi. Maƙeri ya ce "Inna!", ya rufe fuska da hannuwansa manya. Ta uku, wadda dattijon kasuwa ya rantse a kanta, ashe matar limamin da ce. Ta huɗu, ta biyar, kowace da sunanta, da na mijinta, da abin tsokanarta. Duk wadda aka kira, wani a zaure ya amsa, ko da kuka ko da dariya.

Na matsa kan ta shida. Kaka ta duba. Ta daɗe tana dubawa, fiye da sauran duka. Ba ta kira suna ba, ba ta yi tsokana ba. Ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta sunkuyar da kai.

"Wuce," in ji ta.

 Na wuce. Ta bakwai ta kira ta har da zaginta na wasa, ta takwas, ta tara, haka har ƙarshen layi. Da muka zo kanta ta ce, "Wagga mummuna ban san ta ba," aka yi dariya mai haɗe da sharar hawaye. Kowa ta kira, in ban da mutum ɗaya.

Na koma kan ta shida. Yarinya ce ƙarama, ta fi ni ƙuruciya nesa ba kusa ba. Tana dariya, da wushirya irin tawa, ta runtse ido ɗaya saboda rana. Dutse a kanta bisa gammo, hannun dama ya tallafe shi, na hagu ya dafe ƙugu ta baya. Na yi ta kallo. Ladan ya kira la'asar, wasu samari suka leƙo daga ƙofa suna yi wa taubashina alama. Ya kore su da hannu ya ce ƙwallo ta jira.

Kaka ta juya wa tele baya gaba ɗaya, tana fuskantar bango, tana murza bakin mayafinta.

"Mai gida, mutum nawa kac ce akwai cikin hoton ga?"

Na ce goma sha huɗu.

"Ashe lakwal ɗin taka banza ta. Sha biyar na. Kai ma kana ciki, watanka bakwai. Na hana ɗaukar dutsen, anka ƙi jin magana."

Na rage girman hoton kaɗan, jikinta ya fito duka. Zanen an ɗaura shi can sama, ga cikin nan ya turo gaba, ga hannun da ya dafe ƙugu. Sau nawa na kalli hoton nan a buro ina neman hanci da kunne, ban taɓa duba ƙasa da wuya ba. Na fashe da kuka a gaban gari guda, ban ji kunyar kowa ba.

Batir saura uku, ordinater ta rubuto gargaɗi na kawar da shi. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya zuwa masallaci. Kaka ba ta juyo ba. Can ta tambaya a hankali, yadda ni kaɗai zan ji:

"Tana nan har yanzu?"

Na ce tana nan.

"To, bar ta nan. Kak ka kashe, sai ta ɗauke da kanta."